Na'urar da Daktor Sulaiman Ya Ƙi Ambata

Jiya muna cin abinci a gidan yayana a unguwar Al-Sih, nan Madina, na ji 'yarsa Nawal tana gaya wa ƙawarta a waya wai aikin gwaggonta Sa'adatu "sahal jiddan", wato ba wuya ko kaɗan, wai zama kawai nake yi a ofis mai sanyi ina danna lambobi. Ban ce mata komai ba a lokacin, domin bakina cike yake da shinkafa. Amma tunda ku yaran yanzu kuna jin Hausa ko da da Larabci kuke amsawa, bari in ba ku labarin aikin nan da harshen da ba za ku iya katse ni da shi ba.

Idan likitan tiyata ya yanko ɗan nama daga jikin mara lafiya, ko ya tsinko shi da allura, ana sa shi a 'yar kwalba a kai mukhtabar, wato ɗakin gwaji. A can ake daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina shi. Likitan da ya ƙware a duba nama ya leƙa ta madubinsa ya rubuta rahoto. Daga nan aikin yake zuwa teburina. Ni ce zan karanta rahoton in mayar da duk abin da aka yi ya koma lambobin da kamfanin ta'amin, wato inshora, yake ganewa. Kamfanin nan ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci, lamba kawai ya sani. In lambar ta dace da rahoto, fayil ya wuce. In ba ta dace ba, sai ya dawo da jan rubutu a kansa, marfud, an ƙi. Duk abin da ke biye da shi kuma, har maganin mara lafiya, sai ya tsaya ya jira.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Sitti Maryama, Bahaushiyar Sudan, gajeriyar mace mai takalmin roba, a wani asibiti mai zaman kansa da ke Aƙiƙ. Ranar da na fara, na zo da sabon alƙalami da sabuwar abaya, na zauna gaban kwamfuta. Ta tashe ni. Ta ba ni farar riga ta kai ni mukhtabar ta tsayar da ni kusa da masu yanka nama, inda warin maganin adanawa ke sa ido hawaye.

"Hancinki zai fara koyo," in ji ta. "Yatsu sai daga baya."

Na daɗe a can ina kallo kafin ta bar ni in taɓa fayil ko ɗaya. A wurin na gane cewa kwalba daban, gilashi daban, rini daban. Likita yana iya tsinko nama gutsi-gutsi ya zuba a kwalba ɗaya, samfuri ɗaya ke nan, ko da an fitar da gilashi cike da tire. Wani kuma ya raba gutsattsarin a kwalabe daban-daban, kowace da sunan wurin da aka ɗebo ta, kowace kuma a ƙirga ta ita kaɗai. Wanda bai ga wannan da idonsa ba, sai ya ƙirga gilashi ya aika, a dawo masa da shi kafin shayinsa ya huce.

Kayan aikinmu a lokacin su ne wani littafin lambobi mai kauri da ake iya tokare ƙofa da shi, da rula ta bin layi don kada ido ya zame, da wayar tebur. Amma babban kayan aiki ƙafa ce. Dokar Sitti Maryama ɗaya ce, kuma ita ce dokar sana'ar gaba ɗaya: abin da likita bai rubuta ba, a wurinmu ba a yi shi ba. Saboda haka rabin yini a bin likitoci yake ƙarewa. Na taɓa ganinta ta tsaya a gaban motar wani likitan tiyata da ya riga ya tayar da inji, da fayil a ɗage sama, tana jira ya rubuta ko hagu ne ko dama. Ya yi hon, ta gyara tsayuwa. Ya sauke gilashi ya rubuta.

Bayan ta yi ritaya ta koma wurin 'ya'yanta, teburin ya zama nawa. A nan ne shekarar wahala ta same ni.

Akwai wani gwaji da ake yi wa naman masu ƙari. Ana rina shi da wani rini na musamman, wasu ƙwayoyin naman su kama launin ƙasa-ƙasa, wasu su ƙi. Yawan waɗanda suka kama shi ne ke nuna wane magani zai yi wa mutum aiki. Wannan gwaji ƙofa uku gare shi a littafinmu. In likita ya ce kawai ya kama ko bai kama ba, lambarsa daban. In ya ƙirga da idonsa ya ba da adadi, lambarsa daban. In kuma na'ura ce ta ɗauki hoton gilashin ta ƙirga, likita ya duba ya amince, wannan ma lambarsa daban, kuma dole rahoto ya faɗa ƙarara cewa da na'ura aka yi.

Asibitinmu ya sayi irin wannan na'ura. Shugaban mukhtabar, Daktor Sulaiman, shi ya zaɓe ta da kansa. Dattijo ne dogo mai farin gemu, haifaffen Madina, kakansa ya zo hajji da ƙafa daga wajen Damagaram ya zauna. A wurin aiki Larabci da Turanci kawai yake yi, ba wanda ya taɓa jin Hausa a bakinsa. Ni dai na san yana ji, domin in na yi ƙunƙuni a bayansa sai in ga girarsa ta motsa. Ya yi makonni yana daidaita na'urar, yana koya mata wane launi za ta ƙirga, wane za ta tsallake, har ta yi yadda yake so. Sai wata rana a wurin shan shayi wani matashin likita ya ce nan gaba kaɗan tsofaffin idanu za su huta, na'ura ta karɓi aiki. A kunnen Daktor aka yi maganar. Daga ranar sunan na'urar bai sake fitowa a rahotonsa ba. Kullum da ita yake aiki, adadinta yake ɗauka bayan ya duba, amma abin da zai rubuta shi ne, "An ƙirga, an samu kaza," ya sa hannu.

Ku duba inda na tsaya. In na sa lambar na'ura, ta'amin su ce rahoto bai ambaci na'ura ba, marfud. In na sa lambar ido, ƙarya na yi, domin na san ba haka aka yi ba, kuma takardar izinin gwajin da aka nema daga wurinsu tun farko ta ce na'ura, nan ma marfud. Fayiloli suka fara taruwa a kan teburina, suka sauko ƙasa, suka kama hanyar ƙofa.

Mudir ɗinmu, wato manajan asibitin, Ustaz Fahad, yaro ne mai kirki da aka haifa bayan Daktor ya fara aiki, don haka tsoronsa yake ji kamar na kawunsa. Kullum sai ya leƙo ofishina ya ce, "Ya Sa'adatu, ki sa kowace lamba mu huta mana."

"Kowace lamba babu ita a littafi, Ustaz. Ka je ka yi wa Daktor magana."

"Insha Allah, gobe."

Goben nan ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne magana daga sama cewa in haka ta ci gaba za a rufe sashen a riƙa aika nama Jidda. Ma'anar wannan ita ce masu yanka nama da ni mu nemi wani aiki, marasa lafiya kuma su ƙara jira a kan jiran da suke yi.

Na gwada duk dabarar da na gada. Na kai wa Daktor shayi da na'ana'a na yi bayani a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabaraunsa ya nuna mini.

"Ya binti, in na sa wannan na karanta jarida, cewa zan yi tabarau ya karanta?"

Na sa aka sassaƙo mini hatimin roba mai layi ɗaya, don kada ma ya wahala da rubutu, bugawa kawai zai yi. Ya karɓa ya yi godiya sosai. Washegari ya gaya mini jikansa ya ji daɗin kyautar, ya buga ta a duk bangon falo.

Ana cikin haka wata safiya masu karɓar baƙi suka turo mini wani tsoho. Duk wanda ya zo yana neman mai jin Hausa ni ake turo wa, ko da hanyar banɗaki yake tambaya. Siriri ne, da farar jallabiya da hula ƙube, yana riƙe da takardu a leda. Ya ce sunansa Isyaku, daga Ƙiblatain yake. An tsinko nama daga cikinsa, an ce ƙari ne, an ce akwai maganin da za a fara masa, amma kullum ya zo sai a ce ta'amin ba su sake ba. Na nemo fayil ɗinsa a cikin tarin da ke ƙasa. Jan rubutun nan ne a kai.

"'Yata, ki gaya mini gaskiya. Cutar ce ta fi ƙarfinsu suke ɓoye mini?"

"A'a, Baba. Sakamakonka ya fito, maganin ma yana nan. Kalma ɗaya ce ta rage a takarda."

Na yi masa bayani yadda zan iya: an rina naman, na'ura ta ƙirga, likita bai rubuta cewa na'ura ce ba. Ina tsammanin zai yi fushi da likita. Sai na ga ya gyara zama.

"Tsaya. Kina nufin naman cikina, kwamfuta aka ba ta duba?"

"Ita ta ƙirga, Baba, amma likita…"

"Ni da na yi shekara da shekaru ina sallah a Harami, a ɗauki naman jikina a ba inji? Ai likitan nan ya yi daidai da ya ƙi rubutawa. Kunya ya ji. Kai ni wurinsa in gode masa, sannan a nuna mini abin in gan shi da idona."

Na ce ba a shiga mukhtabar haka nan. Ya ce to zai jira, ya cire takalmi ya naɗe ƙafa a kan kujerata ta baƙi. Da na ga da gaske yake, sai na buga wa Daktor waya, ina jiran ya ce a'a in samu abin faɗa wa tsoho. Na ce ga wani mara lafiya da ya ƙi yarda da na'ura, yana son ganinsa. Ban taɓa jin muryar Daktor da fara'a irin ta ranar ba.

"Kawo shi yanzu," in ji shi.

Ofishin Daktor yana da tagar gilashi da ake hango na'urar ta ciki, farin akwati mai ɗan haske kore yana ƙiftawa. Daktor ya tashi ya tarbi Baba Isyaku, ya sa aka kawo gahawa, ni kuma na tsaya a tsakani ina fassara, da fayil a hammata. Baba ya yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya juya ya ƙura wa akwatin ido.

"Wannan ce? Ai na ɗauka wani abu ne babba. Wannan da abin gasa burodi uwarsu ɗaya."

Na fassara. Daktor ya yi dariya har da buga tebur.

"A ina ta yi karatu? Wa ya ba ta shahadar kammalawa? Ta san bambancin naman mutum da na rago?"

Na fassara. Daktor yana ta gyaɗa kai yana kallona, wai in ji da kunnena.

Da Baba ya tsaya nan, da yau ina sayar da turare a kasuwa. Amma ya samu mai sauraro, kuma tsofaffinmu in sun samu mai sauraro ba sa tsayawa.

"Ni wanda nake tausayi shi ne wanda ya sayo ta. An same shi a ɓagas. Ka ga irin mutanen nan da ba su san komai ba, in Bature ya nuna musu abu mai fitila sai su miƙa kuɗi. Ina ma a nuna mini shi in yi masa nasiha."

Na buɗe baki ina neman yadda zan tausasa wannan da Larabci. Ban samu dama ba. Daktor ya ajiye finjalinsa a hankali, ya ce da Hausa, wata tsohuwar Hausar Damagaram da tun rasuwar kakata ban sake jin irinta ba:

"Ni na saye ta."

Baba ya dube ni, na dubi fayil.

"Ashe kana ji," in ji Baba.

"Ina ji sarai. Taso ka gani, Malam."

Ya jawo shi gaban allon kwamfuta ya buɗe hoton naman Baba. Allon ya cika da ɗigo-ɗigo, shuɗi da ƙasa-ƙasa, kamar an watsa gero a kan shuɗin zane. Daktor ya manta da ni gaba ɗaya. Ya nuna masa inda ƙarin yake, ya nuna iyakar da shi da kansa ya zana don na'ura ta san inda za ta tsaya. Ya ce idon mutum in ya ƙirga ɗari kaɗan sai ya gaji ya fara kintace, musamman bayan la'asar, ita kuwa tana bin dubbai ɗaya bayan ɗaya, ta safe da ta yamma duk ɗaya. Ya ce ya gwada ta da tsofaffin gilasai da ya san amsarsu kafin ya bari ta taɓa naman kowa. Ya ce a duk garin nan ba wanda ya daidaita tasa kamar yadda ya daidaita wannan. Hausar tana ƙare masa ya cike da Larabci, Larabcin ya yi masa kaɗan ya koma Hausa.

Baba ya saurara da hannu a haɓa. Da Daktor ya numfasa sai ya ce, "To nawa naman, wa ya ƙirga?"

"Ita ta ƙirga. Ni na nuna mata wuri, ni na duba bayanta, na yarda da abin da ta samu."

Na zaro rahoton daga fayil na ajiye a gabansa, na ɗora alƙalami a kai.

"Daktor, abin da ka faɗa yanzu, layi ɗaya ne."

Ya dubi takardar, ya dube ni ta saman tabarau. Na ga yana neman ƙofar fita. Baba ne ya rufe ta, ba da wata dabara ba, murya ƙasa-ƙasa.

"In haka aka yi, ka rubuta haka, ɗan'uwa. Ni abinci ba ya zama a cikina."

Daktor ya ɗauki alƙalami. Layi ɗaya na roƙa, sakin layi guda ya rubuta, kuma "ni" ta fito a ciki fiye da na'ura: a ƙarƙashin kulawata, a wurin da na zaɓa, bisa ma'aunin da na daidaita, na sake dubawa da idona. Amma kalmar tana ciki. Na sa lamba na aika kafin azahar. Ba a rufa mako ba aka kira Baba Isyaku ya fara magani.

Kada ku ɗauka daga nan aka huta. Kowane fayil da ke ƙasan teburina sai da Daktor ya sake buɗe hotonsa ya duba, ya rubuta ƙarin bayani ya sa hannu, domin ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai sake gani ba. Ni kuma kowane ɗaya sai na rubuta wa ta'amin dalilin sake aikowa, wasu su wuce, wasu su dawo da sabon ƙorafi, in sake bi. Sauran shekarar a kan matakala tsakanin ofishina da mukhtabar na yi ta, har takalmina ya koma na roba irin na Sitti Maryama. Maganar Jidda ta mutu ita kaɗai. Daktor kuwa ya koma Larabcinsa kamar ba a yi komai ba, sai dai in ba kowa a kusa yakan ce mini "sannu da aiki" da sauri, yana kallon wani wuri.

Bayan wasu watanni Baba Isyaku ya sake ɓullowa. Ya ƙara ramewa, amma tafiyarsa da ƙarfi, kuma ya ce tuwo ya fara zama. A wuyansa akwai tef ɗin awo. Sai ranar na san tela ne, yana da ɗan shago a Ƙiblatain. Ya ce ya zagi baiwar Allah, wato na'urar, a gaban mai ita, kuma bai ga yadda zai ba ta haƙuri da baki ba. Aka sa masa farar riga da safar hannu, Daktor da kansa ya riƙe masa bakin tef, ya auna tsawo da faɗi da tsayi yana motsa leɓe.

Abin da ya kawo daga baya riga ce ta farar shadda, an yi mata aiki a gaba da zare ruwan zuma irin na babbar riga, har da aljihu. Injiniyan da ke kula da na'urar ya kusa kuka, ya ce za ta toshe mafitar iska ta ƙona inji. Daktor ya yanke hukunci cewa ranar Juma'a ana kashe na'urar, don haka ranar Juma'a za ta sa rigarta kamar kowa. Haka aka yi ta yi. Duk Alhamis kafin a tashi sai a lulluɓe ta, a gyara mata wuya.

Da lokacin ƙididdigar kayan sashe ya zo, Ustaz Fahad ya tsaya a gabanta da takardarsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya hau sama ya same ni, ya ce tsarin kwamfuta ba ya karɓar kaya sai da lamba, wace lamba zai sa wa rigar? Na jawo tsohon littafin Sitti Maryama, na ɗauki rula, na bi shi da gaske tun daga farko har bango, yana tsaye yana jira. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan, wannan ne kaɗai aikin da aka yi a sashenmu, kowa ya shaida an yi shi, na kasa samo masa lamba.